Mace da Inuwarta a Gaban Ubangiji

Karatu: Yohanna 4:1-42

 Maganarmu ta yau musamman domin iyayenmu mata ce da 'yan'uwanmu mata, waɗanda suke cikin Zumuntar Mata da waɗanda ba su shiga ba tukuna. Amma kada maigida ya ce wannan ba tasa ba ce ya kashe rediyo, gama kafin mu gama za mu yi sallama a ƙofarsa shi ma.

Kowace Lahadi mata ne suke cika majami'a. Su ne kan gaba wajen waƙa da baiko, su ne suke gaida marasa lafiya, su ne suke kwana a gidan makoki. In an tambayi ɗayarsu, "Mama, ina gajiya?" sai ta ce, "Ba gajiya." "Yaya gida?" "Lafiya lau, mun gode Allah." Gaisuwa ce mai kyau, ba mu ce a bar ta ba. Amma mu da aka ba mu kiwon garken Allah mun sani, a bayan wannan "lafiya lau" akwai mata da yawa waɗanda suka yi shekaru ba su yi barci mai daɗi ba.

Akwai kalma guda da ake yi wa 'ya mace guzuri da ita tun tana ƙarama, watau haƙuri. Ranar da za a kai ta ɗakin miji, uwa ta ce ki yi haƙuri, gwaggo ta ce yi na yi, bari na bari, matan ikkilisiya su ma su ce ki yi haƙuri. Haƙuri kuwa abu ne mai kyau, yana cikin 'ya'yan Ruhu da Manzo Bulus ya lasafta a Galatiyawa sura 5. Sai dai haƙuri iri biyu ne. Akwai wanda mutum zai dubi abin da ya same shi sosai, ya kira shi da sunansa, sa'an nan ya miƙa shi ga Allah. Wannan yana kawo salama. Akwai kuma wanda mutum zai haɗiye abin, ya gaya wa kansa cewa ba abin da ya faru. Wannan kamar garwashi ne da aka rufe da toka da dare. Ido ba ya ganin wuta, amma duk wanda ya sa hannu da safe zai ƙone. A kan irin wannan garwashi muke so mu yi magana yau.

Mece ce inuwa?

A wurinmu inuwa abu ne mai daɗi, wurin hutawar matafiyi. Wasu kuma da sun ji an ce inuwar mutum sai tunaninsu ya tafi ga kurwa da labarin mayu. Ba ko ɗaya daga cikinsu muke nufi ba, ba kuma aljanu muke nufi ba. Muna nufin wannan ɓangare na halinmu da muka juya wa baya, wanda ba mu so kowa ya gani, har mu kanmu muka daina ganinsa, amma yana bin mu duk inda muka sa ƙafa, kamar yadda inuwa take bin mai ita.

Wani likitan ƙwaƙwalwa mutumin ƙasar Suwizalan, mai suna Karl Yung, shi ya yaɗa wannan kalma. An haife shi a 1875, ya rasu a 1961. Ɗan fasto ne, ya kuwa fara aiki a 1900 a wani babban asibitin masu taɓin hankali a birnin Zurik. Bayan shekaru yana sauraron mutane, sai ya lura cewa kowa yana da fuskar da yake nuna wa jama'a, yana kuma da abubuwan da ya tura can ƙasan zuciya domin ba su dace da wannan fuska ba. Ya lura kuma cewa gwargwadon yadda mutum ya ƙi sanin inuwarsa, gwargwadon haka take ƙara duhu da ƙarfi. A 1932 ya yi wa wani taron fastoci jawabi a ƙasar Faransa, inda ya bayyana cewa majinyatansa waɗanda suka wuce shekara 35, tushen matsalarsu yakan koma ga neman ma'anar rayuwa irin ta addini.

Yung ba malamin ikkilisiya ba ne, abin da yake nufi da addini kuma ba daidai yake da bangaskiyarmu ba, akwai koyarwarsa da yawa da ba mu karɓa ba. Amma a wannan wuri ya ga abin da Maganar Allah ta riga ta nuna. Annabi Irmiya a sura 17 ya yi mana kashedi a kan yadda zuciya take yaudarar mai ita. Manzo Bulus a Romawa sura 7 ya kwatanta yaƙin da yake cikin mutum, yana son nagarta amma hannunsa yana aikata abin da ya ƙi. Ubangijinmu kuma a Matiyu sura 7 ya ba da misalin mai ganin ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume yana cikin nasa. Kakanninmu ma sun faɗa, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Abubuwa uku da ake binnewa

Na fari, zunubin da muka ƙi amsawa. Ku dubi Saratu matar Ibrahim. A Farawa sura 16 ita da kanta ta ba mijinta baiwarta Hajaratu domin ta sami ɗa ta wurinta. Da Hajaratu ta yi ciki ta fara raina ta, sai Saratu ta ɗora wa Ibrahim laifin duka, ta kuma gallaza wa Hajaratu har ta gudu jeji. A sura 18 kuma, sa'ad da baƙi suka zo Mamre suka yi albishirin haihuwa, Saratu tana ƙofar alfarwa tana ji, sai ta yi dariya a ranta. Da aka tambaya sai ta yi musu, saboda tsoro. Ubangiji bai yi mata tsawa ba, bai kuwa bar musun ya wuce ba, ya tabbatar mata cewa lalle ta yi dariya. Shekarun jira sun tara mata ɗaci da shakka, ita kuwa ba ta yarda suna nan ba. Haka kishi da ƙyashi da riƙo sukan zauna cikin mace mai ibada, tana kiransu da wasu sunaye masu kyau.

Na biyu, raunin da wani ya yi mana. Wannan ba zunubinmu ba ne, amma mukan ɓoye shi kamar namu ne. A 2 Sama'ila sura 13 Amnon ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe. Tamar ta zuba toka a kanta, ta yaga rigarta, ta fita tana kuka a fili. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru, mahaifinta Dawuda ya husata amma bai yi kome ba. Ta ƙare zamanta a gidan Absalom cikin kaɗaici, bayan shekara 2 kuma jini ya zuba a gidan sarki. Shirun bai rufa wa kowa asiri ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mace 1 cikin kowace 3 a duniya ta taɓa shan duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta. Kada mu yi tsammani dukansu suna waje da ikkilisiya. Wasu suna kan bencin da yake kusa da namu. A nan kuma za mu sa gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata kaya tun ba a share makoki ba, da wadda ake yi wa gori domin ba ta haihu ba ko domin 'ya'yanta duka mata ne, da wadda ta ga an kashe nata a lokacin rikici ta gudu da goyo a baya.

Na uku, baiwar da aka danne. Yung ya lura cewa ba mugun abu kaɗai yake cikin inuwa ba, har da kyawawan abubuwa da aka hana su fitowa. Yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa aka cire ta daga makaranta domin kuɗin ya isa na ƙaninta kawai. Wata tana da baiwar koyarwa, aka ce mata mace ba ta da bakin magana. Ta yi shiru shekara 30, har ta gaskata cewa ba ta iya kome ba. Amma Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Debora tana yi wa Isra'ila shari'a, da Hulda annabiya wadda Sarki Yosiya ya aika wurinta neman maganar Ubangiji, da Biriskila wadda ita da mijinta suka ƙara wa Afolos sani. Baiwar da aka binne ba ta mutuwa, sau da yawa takan juya ta zama ɗaci.

Yadda abin da aka binne yake fitowa

Hanya ta fari, mukan ga namu a jikin wani. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Uwargida wadda aka hana ta karatu, ga ta ta kasa jure wa matar ɗanta malamar makaranta, kome ta yi sai ta ce girman kai ne. Wadda ta yi ciki kafin aure a ƙuruciyarta, aka rufe maganar ba wanda ya sani, ita ce a yau ta fi kowa zafin baki in wata yarinyar kwaya ta faɗi cikin irin wannan hali. Ba munafunci take yi da gangan ba. Yarinyar ta taɓa mata gyambon da ba a taɓa wankewa ba.

Hanya ta biyu, fushin yakan gangara zuwa wanda ba shi da ƙarfin ramawa. Wadda ba ta iya amsa wa miji ko uwar miji, sai ta huce a kan 'yar riƙo, ko ɗan kishiya, ko nata 'ya'yan. Yaro ya fasa kofi ɗaya, ya sha dukan da ya isa na ɓarawo. Wadda ta sha wuya a hannun uwar mijinta ta yi alkawari a ranta ba za ta taɓa yin haka ba, bayan shekara 25 sai ga shi matar ɗanta tana kuka irin kukan da ita ta yi. Haka ciwo yake bin gida daga tsara zuwa tsara, kamar yadda ɗacin Saratu ya sauka a kan Hajaratu.

Hanya ta uku, jiki yakan faɗi abin da baki ya ƙi faɗa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ba mu ce kowane ciwo daga damuwa yake ba, amma likitoci sun tabbatar cewa damuwa mai tsawo takan kawo rashin barci, da ciwon kai, da faɗuwar gaba, da rashin son abinci, takan kuma ƙara tsananta hawan jini.

Yesu a bakin rijiya

Yanzu sai mu koma ga karatunmu. Yesu yana kan hanya daga Yahudiya zuwa Galili, ya bi ta Samariya, ya zauna a bakin rijiyar Yakubu kusa da garin Saikar. Rijiyar tana nan har yau kusa da birnin Nablus, an gina majami'a a kanta. Tsakar rana ce. Farawa sura 24 ta nuna mana da yamma mata sukan fita ɗiban ruwa, kamar yadda namu sukan fita da sassafe ko da la'asar, a yi ta hira a kan hanya. Wannan mace kuwa ta zo ita kaɗai cikin zafin rana. Masu fassara da yawa suna ganin gudun idon mutane da bakinsu take yi.

Ku lura da yadda Ubangiji ya bi da ita. Da fari ya roƙe ta ruwa. Bayahude, namiji, malami, ya sa kansa a matsayin mai bukata a gaban Basamariya. Ya ba ta daraja kafin ya taɓa ciwonta. Sa'an nan ya yi mata maganar ruwan rai, har ta ji marmari ta roƙa. Sai a lokacin ya ce ta kirawo mijinta.

Ta amsa cewa ba ta da miji. Gaskiya ce, amma rabin gaskiya, irin "lafiya lau" ɗin nan tamu. Yesu bai ce ta yi ƙarya ba. Ya yaba wa gaskiyar da ta faɗa, ya kuma cika mata sauran: ta yi aure sau 5, wanda take tare da shi yanzu kuwa ba mijinta ba ne. Yohanna bai ce ita ta kashe auren nan duka ba. A zamanin nan yawanci namiji ne yake da ikon saki, mutuwa kuma tana raba aure. Mai yiwuwa an yashe ta sau da sau, mai yiwuwa ta binne miji fiye da ɗaya. Cikin tarihinta akwai abin da aka yi mata, akwai kuma abin da ita ta zaɓa. Yesu ya faɗe su duka a fili, ba zagi, ba gori. Ya kuwa yi haka sa'ad da almajiransa suka tafi gari sayen abinci, ba kowa sai su biyu.

Nan da nan ta juya maganar zuwa gardamar addini, ko a dutsen Samariyawa ya kamata a yi sujada ko a Urushalima. Mu ma haka mukan yi. In magana ta matso kusa da gyambo, sai mu tsere cikin ayoyi da yawan hidimar ikkilisiya. Yesu bai raina tambayarta ba, ya amsa mata cewa Uba yana neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya. Ku riƙe kalmar nan, gaskiya. Ba za mu iya kawo wa Allah fuskar Lahadi kaɗai mu bar sauranmu a gida ba. Ga wannan mace kuwa, wadda ba abin da ya rage mata na ɓoyewa, ya bayyana kansa a fili cewa shi ne Almasihu.

Sai ta bar tulunta ta koma gari, wurin mutanen nan da take gudu, tana kiransu su zo su ga wanda ya faɗa mata tarihinta duka. Abin da take ɓoyewa da tsakar rana shi ya zama shaidarta kafin yamma. Mutanen garin da yawa suka ba da gaskiya, suka roƙi Yesu ya zauna, ya kuwa yi kwana 2 tare da su. Tarihinta bai sāke ba, auren nan 5 suna nan. Abin da ya sāke shi ne an san ta sarai, ba a kuwa yashe ta ba. Nan ne likita da Mai Ceto suka bambanta. Likita yana iya taimakonmu mu ga inuwarmu, wannan kuwa babban aiki ne. Amma gafara da wankewa, sai wanda ya ɗauki zunubanmu da baƙin cikinmu a kan gicciye.

Me za mu yi?

Da fari, 'yar'uwa, ki lura da inda fushinki ya fi laifin girma. In akwai wadda ko sunanta aka ambata sai ranki ya ɓaci, alhali ba wani babban abu ta yi miki ba, ki tsaya ki tambayi kanki, "Me nake gani a jikinta? Abin da nake ƙi ne a kaina, ko abin da aka hana ni ne?" Tambayar tana da zafi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na biyu, ki kira abin da sunansa a gaban Allah. Hannatu a 1 Sama'ila sura 1 ta yi shekaru tana shan gorin kishiyarta Feninna, tana kuka, ba ta cin abinci. Mijinta Elkana yana ƙaunarta, amma bai gane zurfin ciwon ba. Ran nan a Shilo ta zube zuciyarta duka a gaban Ubangiji, har Eli firist ya zaci ta bugu. Da ta tashi sai ta ci abinci, fuskarta kuma ta sake. Ku lura, a lokacin ba ta riga ta yi ciki ba. Sauƙin ya zo tun kafin amsar addu'a. Saboda haka ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki yi magana da harshen da kika tashi da shi, ki ce, "Ubangiji, ina jin haushin mijina. Ina ƙyashin ƙanwata. Ina fushi da kai domin ka ɗauke ɗana." Kada ki ji tsoro, ya riga ya sani. Zabura cike take da irin wannan kuka.

Na uku, ki rarrabe naki da na wani. Wani likita Kirista na birnin Jeniba, Pol Turniye, ya rubuta littafi a 1958 a kan bambancin laifi na gaskiya da laifi na ƙarya. Na gaskiya shi ne wanda muka yi wa Allah da mutane. Na ƙarya shi ne wanda bakin mutane da al'ada suka ɗora mana. Mata da yawa suna tuba kullum daga abin da ba su yi ba, suna kuwa riƙe da abin da suka yi. Rashin haihuwa ba zunubi ba ne. Mutuwar miji ba laifinki ba ce. In wani ya ci zarafinki kina yarinya, kunyar tasa ce, ki ajiye masa kayarsa. Amma dukan da kika yi wa marainiyar nan, da ƙazafin da kika yi wa maƙwabciya, waɗannan naki ne. Ki furta su, gama 1 Yohanna sura 1 ta ba mu tabbaci cewa mai furtawa yana samun gafara da tsarkakewa. Inda hali ya yi kuma ki je ki nemi gafarar wadda kika cuta, ko da 'yar cikinki ce.

Na huɗu, ki nemi mutum guda amintacce. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta haɗa furta wa juna da yi wa juna addu'a da warkewa. Ba mu ce ki tashi a gaban taro ki tona cikinki ba. Ki nemi dattijuwa mai tsoron Allah wadda aka san ta da riƙon asiri, ko matar fasto, ko wadda ta yi karatun ba da shawara. A nan muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata, kada roƙon addu'a ya zama hanyar gulma. In mace ta ba ki asirinta ranar Talata, ta ji shi a kasuwa ranar Jumma'a, kin rufe mata baki ke nan har kabari, ke kuwa za ki ba da lissafi.

Na biyar, kada ki ji kunyar zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ciwon damuwa mai tsanani ya fi kama mata bisa ga maza, fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego kuma suna fama da shi. In baƙin ciki ya wuce mako 2 bai ɗaga ba, ba barci, ba ci, abin da kike jin daɗinsa dā ya fita ranki, wannan ciwo ne, yana kuwa da magani. In har tunanin kashe kai ya fara zuwa, kada ki kwana da shi, ki gaya wa wani a yau. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da wannan sashe. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

Sai magana a kan gafartawa. Lalle Ubangiji ya umarce mu mu gafarta, ba ja a kan wannan. Amma ba a ɗinke rauni da ƙaya a ciki. Wadda aka tilasta mata ta ce "na yafe" tun ba a ji kukanta ba, bakinta ne kawai ya yafe. Gafara ta gaskiya takan zo bayan an faɗi abin da ya faru, wani lokaci kuwa takan ɗauki watanni ko shekaru. Gafartawa kuma ba ta nufin ki koma ki miƙa wuya ga mai dukanki. In ana dukanki a gida, ki gaya wa dattawan ikkilisiya da danginki, ki nemi wurin tsira ke da yara. Nijeriya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane a 2015, Maganar Allah kuwa ta riga ta hana tun da daɗewa.

Ga maigida da ikkilisiya

Mun yi alkawari za mu zo ƙofar maza. Ɗan'uwa, in matarka ta fara buɗe zuciyarta, kada ka yi irin na Absalom ka ce ta yi shiru, kada kuma ka yi irin na Dawuda, ka ji zafi a ranka amma ka naɗe hannu. Ka zauna ka saurara har ta gama, ko da cikin maganar akwai naka laifin. Mu maza ma muna da tamu inuwar, sau da yawa kuwa ita ce take rufe gidajenmu da duhu. Mu fastoci da dattawa kuma, sai mu tuna da Eli, wanda ya ga mace mai baƙin ciki ya yanke mata hukuncin maye kafin ya tambaya. Kada kalmar "je ki yi haƙuri" ta riga kunnenmu aiki.

'Yan'uwa mata, wannan aiki ba na rana ɗaya ba ne. Abin da ya yi shekara 20 a binne ba zai fita da addu'ar dare ɗaya ba, wata rana ma za ki ga tsohon halin ya sake leƙowa. Kada ki karai. Saratu wadda ta yi musun dariyarta, a Farawa sura 21 ta rungumi ɗa tana da shekara 90, sunansa Ishaku, ma'anarsa kuwa dariya. Dariyar shakka da ta ɓoye a bayan alfarwa, Allah ya fito da ita fili ya mai da ita ta murna, har ta ce duk wanda ya ji zai taya ta. Wanda ya yi wa Saratu haka, ya kuma zauna jiran Basamariya cikin zafin rana, ya san tarihinki duka, yana kuwa jiranki.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne masanin abin da yake ɓoye. Muna kawo maka iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da 'ya'yanmu mata, musamman waɗanda suke murmushi da rana suna kuka da dare. Ka ba su ƙarfin hali su dubi abin da suka daɗe suna juya wa baya. Inda zunubi ne, ka gafarta. Inda rauni ne, ka warkar. Inda baiwa ce aka danne, ka tashe ta domin amfanin ikkilisiyarka. Ka ba kowace ɗaya amintacciyar 'yar'uwa mai riƙon asiri, ka kuma koya mana mu maza da shugabanni mu saurara. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shirinmu na gaba. Ku huta lafiya cikin Ubangiji.